Sabuwa Ƙarama ko Tsohuwa Babba: Girman Shafi a Matsayin Ma'aunin Zaɓen Kwamfutar Allo

A tsangaya, yawan rubutun da za a ɗora wa allo shi ke yanke girmansa. Kolo yakan fara da ɗan allon da zai iya riƙewa da hannu ɗaya, domin abin da ake rubuta masa bai wuce layi biyu ko uku ba. Idan ya zama gardi, karatu ya yi nisa, sai a sassaƙo masa wanda zai ɗauki sumuni guda ko fiye ba tare da an cunkushe baƙaƙe ba. Babu malamin da ke tambayar shekarar da aka sare itacen. Wannan tsohuwar ƙa'ida tana da abin cewa a kan wata tambaya da ta zama ruwan dare a sassan nazarin Hausa. Malami ko ɗalibin babban digiri ya tara abin da ya tara, ya je sayen kwamfutar allo, wadda 'yan kasuwa ke kira tablet, sai ya tarar kuɗinsa ɗaya daga cikin biyu za su iya saya: ƙarama sabuwar fitowa, ko babba wadda ta kwana biyu a kasuwa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ga wanda aikinsa karatun shafi ne, babbar ta fi dacewa ko da ta girmi ƙaramar, bisa sharaɗi guda da za a zo kansa.

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin kuɗin ba na wasa ba ne. Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, Dala ɗaya ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa fiye da 1,500 a cikin 2024. Na'urar da ake sayarwa Dala 499 a Amurka ta doshi Naira 750,000 ke nan a 2024, tun kafin a ɗora kuɗin fito da ribar ɗan kasuwa, adadin da ya zarce albashin wata guda na akasarin malaman jami'a. Wanda ya yi kuskure a wannan ciniki zai zauna da kuskurensa shekaru, yana kallonsa kullum safiya.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, ga misali na zahiri daga kamfanin Apple, wanda bayanan kayansa a buɗe suke. Ƙaramar ita ce iPad mini da ta fito a watan Oktoban 2024: fuskarta inci 8.3, nauyinta giram 293, tana aiki da ƙwaƙwalwar A17 Pro, ma'ajinta ya fara daga 128GB, an kuma fara sayar da ita a kan Dala 499. Babbar ita ce iPad Air ta biyar da ta fito a watan Maris na 2022: fuskarta inci 10.9, nauyinta giram 461, tana aiki da ƙwaƙwalwar M1, ma'ajinta ya fara daga 64GB, farashinta na farko Dala 599. Kamfanin ya maye gurbinta da wata a 2024, don haka yanzu ana samunta ne a ragowar kayan kanti ko a matsayin ta hannu, a farashin da ya sauko. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma sama-sama zai ce sabuwar ta yi zarra: ta fi sauƙin ɗauka, ta ninka ma'aji, ta kuma fi ƙuruciya da shekara biyu da rabi. Bambancin inci 2.6 kuwa bai yi kama da abin tayar da jijiyar wuya ba.

Yadda inci ke yaudarar ido

A nan ne kuskuren yake farawa. Incin da ake rubutawa a kwali tsawon layin da ya ratsa fuskar ne daga kusurwa zuwa kusurwa, alhali mai karatu fili yake amfani da shi. Fuskar ƙaramar tana da tsawon kimanin santimita 17.7 da faɗin 11.6. Ta babbar tana da tsawon 22.7 da faɗin 15.8. Idan aka buga lissafi, filin farko murabba'in santimita 205 ne, na biyu kuwa 359. Wato layin kusurwa ya ƙaru da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, amma filin karatu ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari. Steve Jobs da kansa ya taɓa kafa irin wannan hujja a watan Oktoban 2010, lokacin da yake kushe na'urori masu inci 7 na abokan hamayyarsa, inda ya nuna cewa filinsu bai kai rabin na mai inci 10 ba. Shekara guda bayan rasuwarsa, kamfaninsa ya fito da iPad mini ta farko mai inci 7.9 a ƙarshen 2012. Kasuwa ta kayar da shi a kan hukunci, amma lissafin nasa yana nan daram.

Amfanin wannan lissafi yana fitowa ne idan aka rarrabe rubutu iri biyu da manazarci ke karantawa. Akwai rubutu mai gudana, wanda ke bin girman fuskar da aka zuba shi a ciki kamar yadda ruwa ke bin ƙwarya: saƙon imel, shafin jarida na intanet, ƙagaggen labari a Wattpad ko a zauren WhatsApp. Idan baƙaƙensa sun yi ƙanana, a ƙara musu girma, layukan su sake jeruwa da kansu, babu abin da aka rasa. Akwai kuma daskararren shafi, wanda aka riga aka yanke masa tsawo da faɗi: kundin digiri a PDF, maƙalar mujalla, hoton shafin tsohon littafi, hoton warƙar ajami. Shi wannan ba ya sake jeruwa. Ko dai fuska ta ɗauke shi gaba ɗaya ta hanyar ƙanƙantar da shi, ko kuma a zuƙo shi a riƙa leƙa shi gefe-gefe. Abin lura shi ne, kusan duk kayan aikin nazarin Hausa masu nauyi daga kashi na biyu suke.

A ɗauki kundin digiri. Takardar A4 ce, mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7, an buga ta da baƙaƙe masu lamba 12 kamar yadda makarantun gaba da digiri suka saba gindayawa. Idan aka buɗe cikakken shafin a ƙaramar na'ura, zai koma kashi 55 cikin ɗari na ainihin girmansa, baƙaƙe masu lamba 12 su zama kamar masu lamba 6.6, bayanin ƙasan shafi mai lamba 10 ya zama 5.5. A babbar kuwa shafin zai koma kashi 75, baƙaƙen su zama kamar masu lamba 9, wato kusa da abin da ido ya saba gani a ƙamus ko jarida. Mai duba kundi ko mai jarrabawa na waje da aka aiko wa shafi 300 zai ji wannan bambanci a idonsa kafin ya gama babi na biyu. Kuma a nazarin harshe ƙananan alamomi su ne maganar. Lanƙwasar da ta raba ƙ da k, ko ɗ da d, da alamar karin sauti a kan wasali, da 'yar sandar da ke nuna tsayinsa, su ne na farko da ke ɓacewa idan shafi ya ƙanƙance. Wanda ke gyara kundin da aka yi a kan tsarin sauti, in bai ga alamar faɗau ba, bai ga komai ba.

Masu son ƙaramar suna da amsa mai ƙarfi a nan, kuma ya kamata a saurare ta. Fuskarta ta fi kaifi: tana da ɗigo 326 a kowane inci, babbar tana da 264. Ma'ana, ƙaramin baƙi yana fita tsaf a kanta, bai dushe ba. Haka ne. Sai dai kaifin fuska ba ya ƙara wa ido ƙarfi. Domin a ci moriyar waɗannan ɗigogi dole a matso da na'urar kusa da fuska, kuma matsowar ita ce abin da ido ke fara ƙi daga wajen shekara 40 zuwa 45, lokacin da madubin cikinsa ke fara tauri har mutum ya koma miƙa takarda nesa kafin ya karanta. Mafi yawan masu duba kundaye sun haye wannan tudu. Ɗalibi mai shekara 26 yana iya karanta baƙi mai lamba 6 na awa uku ya tashi lafiya. Farfesan da ke duba aikinsa zai tashi da ciwon kai da tabarau biyu a kan tebur.

Warƙar ajami

Inda maganar ta fi nauyi shi ne rubuce-rubucen hannu. A 'yan shekarun nan an ɗauki hotunan dubban warƙoƙi na ajami da na Larabci daga Afirka ta Yamma, ta hanyar shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, da taskar ajamin Afirka ta Jami'ar Boston, ban da abin da manazarta ke ɗauka da kansu a Gidan Arewa na Kaduna, da Ma'adanar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar IRSH a Yamai, da kuma gafakokin gidajen malamai. Ɗalibin yau sau da yawa a fuskar na'ura yake fara saduwa da warƙar da magabatansa suka yi tafiyar kwanaki kafin su taɓa. Saboda haka na'urar ta zama wani ɓangare na hanyar bincikensa, ko ya sani ko bai sani ba.

Warƙoƙi da dama na wannan yanki girmansu ya yi kusa da A5 ko ya ɗara shi kaɗan, wato abin da bai yi nisa da fuskar babbar na'urar ba. A kanta ana iya ganin warƙa kusan yadda mai kwafe ta ya gan ta. A ƙaramar kuwa sai ta ragu sosai, balle ma hoton yakan zo da ma'aunin tsayi da katin launi a gefe, waɗanda ke cin nasu filin. To, ajami rubutu ne da ɗigo ke mulki a cikinsa. A rubutun Magaribi da aka gada a nan, ɗigo ɗaya a ƙasa shi ne fa, ɗigo ɗaya a sama shi ne ƙaf. Ɗigon imala da ke ƙarƙashin baƙi shi ke raba wasalin e da i. Wasu marubutan sukan ƙara ɗigo uku a kan baƙi domin sautin ts ko c, wasu kuma ba sa yi, sai mai karatu ya gane daga jimla. Sannan tawada takan fantsama, ƙuda yakan bar nasa ɗigon, gara takan huda takarda. Raba ɗigon marubuci da ɗigon ƙuda shi ne rabin aikin mai tahƙiƙi.

Za a ce ai zuƙowa na maganin wannan, kuma ko a babbar na'ura sai an zuƙo. Gaskiya ne ana zuƙowa a kowace. Bambancin yana ga abin da ya rage a gani bayan an zuƙo. Mai tahƙiƙi ba ya yanke hukunci a kan baƙi shi kaɗai. Yana duba yadda wannan hannu ya rubuta irinsa a layi na uku da na tara, yana duba hashiyar da ke gefe, wadda wani lokaci a karkace ko a juye aka rubuta ta, yana duba kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan warƙa domin nuna wadda ke biye da ita, tunda warƙoƙin a sake suke, ba a ɗinke ba. Idan waƙa ce, yana bin amsa-amo daga baiti zuwa baiti, domin sau da yawa shi ke nuna karatun da ya dace a inda tawada ta goge. Duk wannan aiki ne na ido mai kai-komo a cikin shafi guda. A ƙaramar fuska kai-komon yakan koma na yatsa: a ja sama, a ja ƙasa, a saki, a sake zuƙowa, kafin a isa layi na tara an manta siffar baƙin layi na uku. Kuskuren da ke fitowa daga nan ba ya tsayawa a na'ura. Yakan shiga juyin boko, daga can ya shiga kundi, daga kundi ya shiga maƙalar wanda ya dogara da kundin.

Daɗin daɗawa, tahƙiƙi aikin gwama kwafi ne, kuma juya ajami zuwa boko aikin taga biyu ne: warƙa a gefe ɗaya, wurin rubutu a ɗaya gefen. Idan aka kwantar da babbar na'ura aka raba fuskarta biyu, kowane rabi yana da kimanin santimita 11.3 da 15.8, wato ya kusa kamo ƙaramar na'urar sukutum. Idan aka raba ƙaramar biyu, kowane rabi santimita 8.8 ne da 11.6, filin da bai fi na babbar wayar hannu ba. Haka abin yake ga mai duba kalma a hoton ƙamusun Bargery na 1934, mai shafi fiye da 1,200, yana kwatanta ta da abin da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya ce, ko mai bin sahun wata muhawara a tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939. Shafin jarida ko a babbar ma da ƙyar yake shiga.

Haƙƙin ƙaramar

Ba kowane manazarci ne ma'abocin daskararren shafi ba. Mai nazarin adabin baka da ke bin makaɗa ƙauye-ƙauye, ko mai tattara karin harshe da ke yini a kasuwa da tasha, zai gode wa na'urar da ke shiga aljihun babbar riga ko jakar hannu, wadda ake riƙewa da hannu ɗaya a yi rubutu da ɗayan a tsaye. Giram 168 da ke tsakaninsu ba komai ba ne a kan tebur, amma a hannun da ya yi awa biyu a ɗage, kaya ne. Haka nan mai nazarin ƙagaggun labaran intanet, wanda kayan aikinsa rubutu ne mai gudana, ƙaramar ta wadace shi, ta ma fi yi masa daɗin karatu a kishingiɗe. Akwai kuma batun wuta. Kamfanin ya ce kowace daga cikinsu tana kai awa 10, amma batirin ƙaramar 19.3Wh ne, na babbar 28.6Wh. Fawa-banki mai 20,000mAh zai cika ƙaramar sau biyu da rabi ko makamancin haka, babbar kuwa bai cika kai ta sau biyu ba. Ga wanda zai yi mako a inda babu lantarki, wannan hujja ce ta gaske.

Duk da haka akwai abin da ke rage mata ƙarfi. Kusan duk abin da ƙaramar ke yi a fagen bincike, wayar da ke aljihun mai binciken tana yin mafi yawansa, ga shi wayoyin yanzu sun haura inci 6.5. Ɗaukar murya mai inganci kuwa aikin rikoda ne da makirfo, ba na ɗaya daga cikin biyun ba. Wanda ya riga ya mallaki waya, ya kuma kashe albashin wata a kan na'ura, ya kamata ya sayi abin da wayar ta kasa, kuma abin da ta fi kasawa shi ne nuna shafi. A gefe guda, mai ƙetara iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram ya lura da cewa ƙaramar ta 2024, a samfurinta mai layin waya, ba ta da gurbin saka katin SIM, sai eSIM kawai. Babbar ta 2022 tana da gurbin. Inda aka saba sayen layi a bakin hanya a cusa, sabunta ba kullum take zama sauƙi ba.

Me ke tsufa a jikin na'ura?

Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowane tsoho ne zuma ba. Kalmar "tsohuwa" a wannan ciniki tana ɗauke da abubuwa da yawa da ya kamata a warware. Fuska ba ta raguwa da shekaru. Ƙwaƙwalwa ma, a wannan misali, ba abin damuwa ba ce: M1 ita ce aka fara sa wa kwamfutocin Mac a ƙarshen 2020, na'urorin biyu kuma kowace tana da 8GB na ƙwaƙwalwar aiki, ƙarfin da ya wuce buƙatar mai buɗe PDF nesa ba kusa ba. Ƙarancin ma'aji matsala ce ta gaske, domin hoton warƙa ɗaya a tsarin TIFF, wanda taskoki ke amfani da shi, yana iya kai 70MB, warƙa dubu ta cinye 64GB har ta nemi ƙari. Amma wannan yana da magani mai araha, tunda babbar tana da mashigar USB-C da ke karɓar filashi ko na'urar karanta katin kyamara. Raunin batir yana da magani, ko fawa-banki ko canji. Ƙarancin fuska shi ne aibin da ba a sayar da maganinsa a shago.

Abu ɗaya ne ke tsufa a babbar wanda shi ma ba shi da magani, kuma shi ne sharaɗin da aka ambata a farko: ranar da kamfani zai daina sabunta mata babbar manhaja. Na'urar ba ta mutuwa ran nan. Sannu a hankali ne manhajoji ke daina karɓarta, wasu shafukan intanet su ƙi buɗewa, ɓarakar tsaro ta zauna ba a toshe ba, a cikin na'urar da ke ɗauke da imel, da makin ɗalibai, da wataƙila manhajar banki. Tarihin Apple a nan sananne ne. iPad Air 2 ta 2014 ta tsaya a iPadOS 15. iPad Pro ta farko mai inci 12.9, ta 2015, ta tsaya a 16. iPad ta bakwai, ta 2019, ta tsaya a 18, domin iPadOS 26 na 2025 bai ɗauke ta ba. Wato tsakanin shekara 6 zuwa 8 ke nan daga fitowa. Idan al'adar ta ɗore, samfurin 2022 yana da rai har wajen 2028 zuwa 2030, na 2024 kuma ya ɗara shi da shekara biyu ko uku. A ɓangaren Android tazarar ta fi faɗi: Galaxy Tab S7 ta 2020 ta fara da Android 10 ta tsaya a 13, alhali Samsung ya yi wa Tab S10 ta 2024 alƙawarin shekara 7. Saboda haka a can shekarar fitowa ta fi nauyi a ma'auni.

Abin da mai saye zai ƙirga ke nan shi ne shekarun da suka rage, ya raba farashi da su. Babbar da ta rage mata shekara huɗu ko biyar ta isa ta raka ɗalibi daga gabatar da tsarin bincike har kare kundin digiri na uku, kuma shekara biyun da ƙaramar za ta ƙara a can ƙarshe ba su kai a biya su da murtsuka ido na kowace rana ba. Amma babbar da ta riga ta tsaya, irin Pro ɗin 2015 da ake gani a shaguna da farashi mai jan hankali, araha ce da ba ta ado. Tsakanin wannan da ƙarama sabuwa, ƙaramar ce zaɓi, ba tare da jinkiri ba.

Saura bambanci tsakanin tsohon samfuri da tsohuwar na'ura. Na farko yana cikin kwalinsa, ba a taɓa kunna shi ba. Ta biyu ta yi rayuwa a hannun wani, kuma akasarin abin da ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da takwarorinta irin wannan ne. Apple ya ce an ƙera batirin iPad ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 1,000, ya kuma ce yanayin da ya dace da aikinta bai wuce digiri 35 ba. Watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai yana haura 40, zafi kuma yana cin batir ci na dindindin. Wani abin takaici shi ne samfuran da suka fito kafin 2024 ba sa nuna lafiyar batir a cikin saitinsu, sai an jona su da kwamfuta mai manhajar dubawa. Wanda bai samu wannan ba, ya ƙure hasken fuska, ya kunna bidiyo na rabin awa a gaban mai shago, ya ga kashi nawa ya sauka. Ya duba gefen gilashi ko ya ɗago, alamar batir ya kumbura. Mafi muhimmanci, kada kuɗi su bar hannunsa sai an goge na'urar gaba ɗaya an sake kunna ta a gabansa, domin wadda ke ɗaure da asusun mai ita na farko, ko wadda wata makaranta ko kamfani na ƙetare ke riƙe da linzaminta, takan yi kyan ɗan maciji: tana aiki lafiya har ranar da aka goge ta, daga nan ta zama faranti. Ba a cinikin biri a sama, balle na Naira dubu ɗari-ɗari.

Akwai gwaji guda da ya fi duk waɗannan alƙaluma saurin raba gardama, kuma sassan Hausa za su kyauta idan suka riƙa gaya wa sababbin ɗalibansu shi tun a makon farko. Mai saye ya tafi kasuwa da fayil uku a filashi ko a wayarsa: shafi ɗaya na kundi mai bayanin ƙasan shafi da alamomin karin sauti, shafi ɗaya na ƙamus, da hoton warƙar ajami mai hashiya, wadda ta fi ba shi wahala a cikin abin da yake aiki a kai. Ya buɗe su a na'urorin biyu, ya riƙe kowace a tazarar da ya saba riƙe littafi, da tabaransa idan yana sakawa, ya karanta bayanin ƙasan shafin a bayyane ba tare da ya zuƙo ba. Sannan ya raba fuska biyu, ya juya layi biyar na warƙar zuwa boko, yana ƙirga sau nawa yatsansa ya koma kan hoton kafin ya kai ƙarshen layi na biyar.